Kifina ya yi ƙwai a Yamai

Jama'a ku matso ku ga abin da na tarar bayan na dawo daga sallar asuba. Kun ga ɗigo-ɗigon nan da ke jere a jikin ganye? Wallahi ƙwai ne! Shekara guda cur ina ɗawainiya da kifayen nan, sai yau suka biya ni. Ga uwar can tana yi musu fifita da fiffikenta, uban kuma yana gadi, ko yatsa na kai jikin gilashi sai ya taso mini.

A Kano enjel muke ce wa irin kifin nan, a nan Yamai kuwa iskaler, sunan Faransanci. Asalinsa kogin Amazon ne, can Kudancin Amurka, amma dangi ɗaya suke da karfasarmu. Ranar da na gaya wa maƙwabcina haka, wani dattijo mutumin Tawa, sai ya leƙa akwatin gilashin da suke ciki ya ce, "To ɗana, mi kaka yi da kihin da ba a ci?" Na ce, "Baba, kallo." Ya tambayi kuɗi, na ce jikka uku, wato sefa dubu uku, guda ɗaya. Ya yi salati, ya ce da jikka ukun nan sai ya sauka bakin kogi ya hau da abin miyar kwana biyu. Hajiyarmu ma haka ta ce a waya, wai na tafi neman kuɗi na ɓuge da renon kifi. Ita da ke kiwon tantabaru a soro tun muna yara! Kai, na yi kewar kukansu da safe.

Amma fa na sha wuya. Kifin nan ruwa mai ɗumin awo 24 zuwa 30 yake so, ku kuwa kun san Afrilun Yamai, rana tana haura 40 ba ko kunya. Biyu suka mutu mini a bazarar bara. An ɗauke wuta da tsakar rana, kuran inji mutanen nan, injin iska ya tsaya, ruwa mai zafi kuma dama ba ya riƙe iska sosai. Na dawo daga kasuwa na same su a sama suna haki. Tun ranar nake daskarar da ruwa a gora in jefa ta a rufe, sannan in saita 'yar fanka mai caji tana busa saman ruwan. Dabarar randa ce dai, ba wani boko.

Ni dai ina ja muku kunne, kada wanda ya ɗebo ruwan famfo ya juye musu kai tsaye, maganin kulorin da ke ciki yana ƙona musu huhun gefe. Nawa sai ya kwana a bokiti a buɗe. Kuma kada fuskar salihan nan ta ruɗe ku. Na taɓa zuba ƙananan kifaye shida masu ratsin shuɗi, cikin mako guda babu ko ɗaya, duk suna cikin wannan mai kama da ustazun. Akwatin kuma ya zama mai tsayi, don in kifin ya girma daga fiffiken sama zuwa na ƙasa yana kai santimita 20.

Kwana biyu zuwa uku ake ƙyanƙyashewa, waɗanda suka yi fari fat sun lalace. Sababbin iyaye kuma in suka tsorata cinye ƙwan suke yi. Kun ga uban ya fara hararata. Bari in ja baya da wayar nan, in je in kira Baba ya zo ya gani da idonsa, amma daga bakin ƙofa.