Sandar wasan ful da sinuka: ta katako ko ta kabon?

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Zainab, ina tare da Malam Habu da Nura. Yau maganar sanda za mu yi, sandar buga ful da sinuka, saboda Nura ya tara 'yan kuɗinsa zai sayi tasa ta kansa, ya kuma hana kowa sakat da tambaya.

Nura: Ai dole, Yaya Zainab. Na gaji da sandar gidan wasa. Kowa ya zo ita zai ɗauka, wani ya doka ta da ƙasa in ya ɓarar, wani ya jingine ta a bango ta kwana. Ni dai irin baƙar nan da ake yi da zaren kabon maimakon katako na gani a hannun manyan 'yan wasa, raina ya biya.

Malam Habu: Dakata tukuna, kada ka yi saurin kaiwa kabon. Wane tebur kake hawa?

Nura: Na ful mana, Malam. Mai ƙwallaye 15, bakwai masu zane, bakwai marasa zane, sai baƙa mai lamba takwas.

Malam Habu: To ka ga tambayar farko ke nan, kuma da yawa sukan tsallake ta. Ƙwallon ful irin na Amurka faɗinsa milimita 57 da ɗan ɗoriya, na sinuka kuwa 52 da rabi. Shi ya sa bakin sandar ful yakan kai milimita 12 zuwa 13, na sinuka kuma 9 zuwa 10. Ka ɗauki siririyar sandar sinuka ka dinga dukan manyan ƙwallaye da ita, za ta yi aiki, amma bakin zai sha wahala, in kuma kana fasawa da ita da ƙarfi, wato bugun farko da ke watsa ƙwallaye, kana iya tsaga ta.

Zainab: Tebur ɗin ma ai ba ɗaya ba ne.

Malam Habu: Ko kusa. Na sinuka ƙafa 12 ne a tsawo, shida a faɗi, ramukansa matsattsu masu lanƙwasa a baki. Na ful bakwai ne, ko takwas, ko tara a gasar ƙwararru. Katakon ma ya bambanta. Masu ful sun fi son katakon bishiyar mafil, mai santsi ba jijiya. Masu sinuka kuma na bishiyar ash suke so, wanda za ka ga layin jijiyarsa kamar kibiya yana nuna gaba, har wasu da shi suke saiti.

Nura: To nauyi fa? Wani ya ce mini in nemi mai nauyi sosai, wai ta fi tura ƙwallo.

Malam Habu: Yawancin sandunan ful tsawonsu inci 57 ko 58 ne, nauyi daga oza 18 zuwa 21. Oza 19 ita ce tsaka-tsaki, rabin kilo da ɗan ɗoriya ke nan. Da ita nake ba sabon shiga shawara ya fara. Ƙarfin bugu daga saurin hannu yake zuwa tare da nauyin, in sanda ta yi maka nauyi hannunka ne zai ragu da sauri, ka ga an koma gidan jiya. Kuma wasan nan, in ka cire bugun fasawa, kusan duk lallaɓawa ne. Da yawa daga sandunan zamani akwai ƙusa mai nauyi a cikin gindinsu, ana kwancewa a sa wata, don haka ba abin tayar da hankali ba ne.

Zainab: Akwai ma doka a kai, ko? Na san hukumar ful ta duniya ta ce kada sanda ta wuce oza 25, kada kuma ta gaza inci 40.

Malam Habu: Haka ne. A sinuka kuma kada ta gaza ƙafa uku, kuma wannan dokar tana da labari. A 1938, a Landan, wani ɗan wasa Alec Brown yana karawa da Tom Newman, sai farar ƙwallon da ake bugawa da sanda ta maƙale a tsakiyar jajayen ƙwallaye, ba hanyar sa sanda. Sai kawai ya laluba aljihu ya zaro wata 'yar sanda da ba ta wuce tsawon alƙalami ba, ya shafa mata alli, ya buga abinsa.

Nura: Kai! Aka bar shi?

Malam Habu: Ina! Alƙalin wasa ya ce laifi ne. Daga nan hukuma ta zauna ta rubuta mafi ƙarancin tsawo.

Zainab: To Malam, a zo kan kabon ɗin nan, don na ga Nura sai mutsu-mutsu yake.

Malam Habu: Bari in fara da abin da take magancewa. Idan ka bugi fara a tsakiya, inda sanda ta nufa nan za ta bi. Amma in ka buge ta a gefen dama don ka murɗa ta, ba za ta bi layin sandar daidai ba, za ta ɗan kauce hagu. In a hagu ka buga, ta kauce dama. Abin da ke jawo haka nauyin 'yan incin nan na gaba ne. Ƙwallo na juyawa tana ture bakin sanda gefe, bakin sanda shi ma yana ture ta. In gaban sandar ya yi nauyi, ƙwallo ce za ta kauce da yawa. In ba shi da nauyi, sandar ce za ta kauce ta bar ƙwallo ta wuce.

Nura: Ashe shi ya sa in na murɗa daga nesa sai in ga na wuce gefe.

Malam Habu: Shi ne. Sai masu ƙera sanda suka fara rarake cikin gaban, suka gajarta farin zoben da ke riƙe baki. Kamfanin Predator ya yi suna da wannan tun shekarun 1990 da sandar katako, a 2016 kuma ya fito da ta kabon mai suna Revo, sauran kamfanoni suka bi. Kabon ba ruwansa da laima ko zafi irin yadda katako yake lanƙwashewa, ba ya saurin lotsawa in ya bugi gefen tebur, kuma goge shi kawai ake da ƙyalle.

Nura: To ai kin ji, Yaya Zainab. Malam da bakinsa ya yaba.

Zainab: Ni ban ji ya ce ka saya ba.

Malam Habu: Ban ce ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. A cikin bugu goma da kake ɓararwa, nawa ne saboda kaucewar murɗi, nawa ne saboda hannunka bai tafi a miƙe ba?

Nura: To... ban ƙirga ba.

Malam Habu: Ga yadda za ka gane. Ɗauki ƙwallo mai zane, ka ajiye ta a tsakiyar kan tebur, zanen a tsaye yana kallon ɗaya ƙarshen. Buga ta a tsakiya, ta je ta taɓa robar can ta dawo, kai kuma kada ka ɗaga, ka bar sanda inda ta tsaya. In bugunka a miƙe yake, zanen zai tafi yana mirginawa kamar taya ba rawa, ta dawo ta taɓa bakin sandarka. In ka ga zanen yana karkarwa, ta dawo ta wuce ta gefen hannunka, to kana murɗa ƙwallo ba da saninka ba. Wannan ciwon babu sandar da ke maganinsa.

Zainab: Ni dai a nan zan ɗan saɓa da kai, Malam. Idan yaro zai daɗe a wasan nan, me zai hana ya fara da wadda ba ta kaucewa sosai tun yanzu? Ya saba da ita sau ɗaya, ba sai ya koyi saiti da katako ba, sannan bayan shekaru ya sake koyo.

Malam Habu: Maganarki tana kan hanya, kuma in aljihu zai ɗauka ba zan hana shi ba. Abin da nake ƙi shi ne a yi ta canje-canje. Kowace sanda da irin kaucewarta, ƙwaƙwalwa kuma takan koyi gyara saiti da kanta ba tare da ka sani ba. Ranar da ka canza, sai ka ga kamar an matsar da ramukan. Dubi Stephen Hendry. Sandar da aka saya masa yana yaro, fam 40 kacal, da ita ya ci gasar sinuka ta duniya sau bakwai. A 2003 ta karye a kayan jirgin sama, bai kuma sake cin gasar duniya ba.

Zainab: Amma fa na ƙarshe da ya ci a 1999 ne, Malam. Shekara huɗu sandar tana hannunsa lafiya lau bai ƙara ba. Kada mu ɗora wa sanda komai, ga su Ronnie O'Sullivan da John Higgins da Mark Williams sun taso a lokacin.

Malam Habu: Kin kama ni a nan. To a bar rabin farko na labarin: fam 40, kofi bakwai.

Nura: To in ba a kan kabon zan kashe kuɗin ba, a kan me?

Malam Habu: Baki. 'Yar fatar nan da ba ta kai girman maɓallin riga ba, ita kaɗai ce ke taɓa ƙwallo. Kafin a ƙirƙiro ta, katako tsirara ake bugawa da shi, in ka kauce daga tsakiya kaɗan sai sanda ta zame. Wani hafsan sojan Faransa, François Mingaud, shi ake danganta wa manna fata a bakin sanda, a farkon ƙarni na 19, yana ɗaure a kurkuku a Faris. Da ita aka fara jawo fara ta dawo baya bayan ta bugi wata, abin da mutanen lokacin suka ɗauka kamar sihiri.

Zainab: Kuma iri-iri ce.

Malam Habu: Akwai mai taushi, da matsakaiciya, da mai tauri. Mai taushi tana saurin bajewa, gefenta ya zazzago ya fi zoben faɗi, sai ka yi ta gyara. Mai tauri tana daɗewa da siffarta, amma takan yi sulɓi ta ƙi riƙe alli in ba a karce ta ba. Akwai kuma wadda ake jera siraran fatu hawa-hawa a manne, ta fi daɗewa da yanayi ɗaya. Fara da matsakaiciya. Sannan ka lura da siffa: a ɗan dunƙule take so, ba shimfiɗe ba. In ta baje, murɗi ya tafi. In ta cinye har ta kusa zobe, a canza tun kafin zoben ya tsage ko ya yaga ƙyallen tebur.

Nura: Ni allin ma ban gane masa ba. Ina shafawa sosai, amma sai in ji ƙas, sanda ta zame.

Zainab: Na ga yadda kake yi ai. Kifa shi kake a kan baki kana murzawa har yana ƙara.

Malam Habu: To shi ya sa. In ka murza haka, rami kake haƙawa a allin, tsakiyar baki ta samu, gefe bai samu ba, alhali gefen ne ke aiki in za ka murɗa. Shafawa ake a hankali daga tsakiya zuwa gefe, kana kallo da idonka. Kuma ba allin makaranta ba ne, garin silika ne da wani abu mai kaushi. William Spinks, ɗan wasa, da William Hoskins, masanin sinadarai, su suka yi masa rajista a Amurka a 1897.

Zainab: A ce yanzu Nura yana tsaye gaban sanduna, me zai duba?

Malam Habu: Da farko ya riƙe ta a hannu, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya ɗaga ta daidai ido, ya kalli tsawonta daga gindi yana juyawa a hankali, in akwai lanƙwasa zai ga bakin yana rawa. Mirginawa a tebur ma tana taimakawa, amma ya kwance ta a mahaɗinta ta rabu biyu, ya mirgina kowane rabi shi kaɗai, sannan a haɗe. In rabi-rabi lafiya suke, a haɗe kuma tana tsalle, mahaɗin ne bai zauna ba. Ya shafa yatsa a mahaɗin, kada ya ji tudu. Ya ɗan bubbuga gindin da tafin hannu, kada ya ji wani abu na kaɗawa a ciki. Sai ya duba inda kauri ya fara. Wata siririya ce iri ɗaya har wajen inci goma sha wani abu, sannan ta fara kauri, wata kuma tun daga baki take buɗewa. In kana zagaye sanda da yatsa ne wajen kafa hannu, ta farkon za ta fi maka daɗin zamewa.

Nura: Adon gindin fa? Akwai wata mai zane ja da fari, wallahi ta yi kyau.

Malam Habu: Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ka dai sani kuɗin ado kake biya, ba ya ƙara ko ƙwallo ɗaya a rami. In da ni ne, abin da zan kashe a zane sai in sayi jaka mai tauri. Sandar katako a jaka take kwana, a tsaye ko a kwance sosai, ba a jingine ba, ba kuma cikin mota a rana ba.

Zainab: Bugun fasawa kuma?

Malam Habu: Kada ka fasa da taka, zai danne maka baki. Ƙwararru suna da sanda daban ta fasawa mai baki kamar dutse. Kai dai ka ɗauki ta gidan wasan nan da kake rainawa ka fasa da ita, sannan ka koma taka. In kuma wata rana ka je babu taka, bakin za ka fara dubawa kafin miƙewa. Mai ɗan lanƙwasa da baki mai kyau ta fi miƙaƙƙiya da baki ya cinye, sai dai ka juya lanƙwasar ta kalli sama ko ƙasa duk lokacin da za ka buga.

Nura: To ni dai ga abin da na yanke. Oza 19, baki matsakaici, da jaka. Maganar kabon kuma sai na gwada ƙwallon nan mai zane tukuna.

Malam Habu: Sau goma a jere. In bakwai suka dawo kan baki, ka zo mu je tare in taya ka zaɓa.

Nura: Bakwai, Malam? A rage mini zuwa biyar.

Zainab: Ba a ciniki a nan. Masu sauraro, mako mai zuwa maganar tebur za mu yi, da dutsen da ke ƙarƙashin ƙyalle da abin da ya sa aka daina yin ƙwallo da hauren giwa. Sai mun haɗu.