Amsoshin Tambayoyinku: Sabuwar Masara Ce Ke Kawo Zazzaɓi?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko daga Funtuwa ta fito. Mai sauraronmu ya ce gardama ta kaure a majalisarsu. Abokinsa ya dage cewa cin sabuwar masara ne ke jawo zazzaɓin damina, da ya musa sai aka ce masa, "To kawo hujjar cewa ba ita ba ce." Yana tambaya, wa ya kamata ya kawo hujja?

Malam, abokinka ne, tunda shi ya yi da'awa. Baihaƙi ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma kan wanda ya musa. Shi ya sa a gaban alƙali mai ƙara ake cewa ya kawo shaidu.

Amma kada ka raina abin da ya gani. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ƙamshin gasasshiyar masara ya cika bakin titi, lokacin ne asibitoci ke cika da masu zazzaɓi. Ruwan sama ne ya kawo su tare. Shi ya raya masara, shi ya kwanta a kududdufi da tsohuwar taya har sauro ya hayayyafa. Tambaye shi mana, jaririn da ko haƙori bai fitar ba, wace masara ya ci jikinsa ya yi zafi?

Kai ma fa, da zarar ka ce sauro ne, ka zama mai da'awa. To ga shaidunka. A 1880 likita Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin majinyaci a Aljeriya. A 1897 wani likitan, Ronald Ross, ya same ta a cikin sauro a Indiya. Kuma galibi sai bayan kwana 10 zuwa 15 da cizon zazzaɓin ke bayyana, lokacin an manta da cizo, abincin jiya kawai ake tunawa. Abin da ke damuna ke nan. Uwa ta hana yaro masara, gidan sauro kuwa yana nan a leda ba a ɗaura ba.

Wata malama daga Maraɗi ta ce, wanda ya kasa kawo hujja, ƙarya ya yi ke nan? A'a, malama, maganarsa ce dai ba ta tabbata ba tukuna. Misali, wani likita mai suna Patrick Manson ya zargi sauro tun kafin Ross ya gani da idonsa, shi ne ma ya ƙarfafa masa gwiwa ya je ya bincika.