Daga Bole: yadda korona ta tsinka hanyoyin jiragen sama

Assalamu alaikum mutanen Kaduna, na Kawo da Tudun Wada da Rigasa, barkanku da war haka. Daga filin jirgin Bole na Addis Ababa nake magana. Ku dubi allon nan da ke bayana: Kano, Abuja, Jidda, Dubai, Guangzhou. Aikin wannan fili kamar na tashar Kawo ne, a tara fasinjoji daga ko'ina sannan a rarraba su. Jirgin da ya taso daga Kano cike yake da masu Jidda da masu Indiya da 'yan kasuwar Chana. Ranar da aka rufe biyu daga cikin waɗannan hanyoyin, kujerun jirgin Kano sai su zama wayam, ko kuɗin mai ba zai fito ba, sai kamfani ya soke shi alhali ba Kano aka rufe ba.

A 2020 korona ta tsinka hanyoyin. Saudiyya ta dakatar da Umara tun ƙarshen Fabrairu, Najeriya ta rufe Legas da Abuja ga jiragen waje a ranar 23 ga Maris, ba a buɗe ba sai 5 ga Satumba. A lissafin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, fasinjojin duniya sun faɗo daga biliyan 4.5 a 2019 zuwa biliyan 1.8 a 2020. Maniyyatanmu kuwa shekara biyu ba a ɗebe su daga sansanin alhazai na Mando ba, sai 2022.

To ku kalli ƙasan jirgin can, inda ake tura akwatunan ƙarfe. Kusan rabin kayan da ake jigila ta sama a cikin jiragen fasinja suke tafiya, ƙarƙashin ƙafafunku. Da fasinja ya tsaya, kaya ma suka rasa wuri, kuɗin kilo ya yi tashin gwauron zabo. Masu odar waya da magani a Kasuwar Shehu Gumi sun ji a jikinsu. Kamfanin jiragen Ethiopian cire kujeru suka yi daga wasu jiragensu, suka loda takunkumi da kayan asibiti.

Rufewa dare ɗaya ne, buɗewar ce aiki. Jirgi ba mota ba ne da za a kulle a tafi. Ana rufe bakin injin, a tayar da shi lokaci-lokaci, a riƙa juya tayoyi kada su lotse a gefe guda, a duba tankin mai saboda danshi. Akwai wani ɗan bututu kusa da hancin jirgi, bai kai tsawon hannu ba, shi ke auna gudu. In an bar shi a buɗe zanzaro ya yi gini a ciki, matuƙi zai ga gudun ƙarya a gabansa. Shi ma matuƙin, doka ta ce sai ya tashi ya sauka sau uku cikin kwana 90 kafin ya ɗauki fasinja. In ya gaza, sai ya koma na'urar gwajin tuƙi, ga layi.

Abin da ya fi cin matafiya a lokacin kuwa gwajin korona ne na PCR. Ƙasashe da yawa awa 72 suka ba shi. Ka yi gwaji a Kaduna, ka hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, ka kwana, a jinkirta jirginka na biyu a nan Bole, sai takarda ta mutu kana zaune kan benci, a hana ka shiga.