Sharhi: Farin Fenti Ba Ya Tare Mota

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

A biranen Turai akwai gardamar da ta daɗe tsakanin direbobin mota da masu hawa keke. Direba cewa yake yi an kashe kuɗin haraji an ware wa mai keke hanyarsa a gefen titi, don me zai bar ta ya hau kwalta yana tare wa jama'a hanya? A tilasta masa, in ya ƙi a ci shi tara. Mai keke kuwa cewa yake yi hanyar da ake yi masa gori a kanta, sau da yawa ta fi titin kansa haɗari. A wannan gardama ina bayan mai keke.

Abin da hukuma ke kira hanyar keke iri biyu ne. Akwai wadda aka raba ta da motoci da dakalin siminti ko shinge. Akwai kuma wadda ba komai ba ce illa farin layi da aka ja a bakin kwalta, aka zana hoton keke a ciki. Ta biyun ita ce matsala. A 2019 masu bincike a Jami'ar Monash da ke Melbourne a Ostareliya sun ɗaura na'urar awo a kekuna, suka gano cewa inda fenti kawai aka shafa, motoci sun fi matsowa kusa da mai keke idan za su wuce shi. Ba abin mamaki ba ne. Direba yana ganin tunda tayarsa ba ta taka layi ba, ya fita haƙƙin kowa, ko da madubinsa ya kusa gogar kafaɗar mutum.

Sannan bakin titi shi ne matattarar duk abin da titi ya tofar: fasassun kwalabe, yashi, ruwan sama, murfin kwata. Nan mai kawo kaya yake ajiye motarsa, wai minti biyu. Nan ne kuma wanda ya faka mota yake buɗe ƙofa ba tare da ya waiwaya ba, mai keke ya yi karo da ita ko ya kauce ya faɗa gaban motar da ke tafe. Mafi muni shi ne mararraba. Layin yakan kai mai keke daidai gefen babbar mota, wurin da direba ba ya hangen sa daga kujerarsa, motar ta karya kwana ta bi ta kansa. Wanda ya kauce wa irin wannan layi ba taurin kai yake yi ba, ransa yake karewa. In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari.

Jamus ta daɗe da fahimtar haka. Daga watan Oktoba na 1998 aka soke dokar da ta wajabta bin kowace hanyar keke, aka bar tilas sai inda aka kafa shuɗin allo mai hoton keke. Wasu ƙananan hukumomi suka ci gaba da kafa allon barkatai, har wata ƙara daga birnin Regensburg ta kai kotun ƙoli ta harkokin gudanarwa da ke Leipzig. A ranar 18 ga Nuwamba, 2010, kotun ta yanke cewa ba a kafa allon tilas sai a wurin da haɗarin titin ya zarce wanda aka saba gani sosai. Wato hukuma ce za ta kawo hujja. Birtaniya ma, da ta sabunta ƙa'idojin hanya a Janairun 2022, ta fito fili ta ce ba dole ba ne mai keke ya bi layin, hankalinsa ne zai gaya masa.

Za a ce mini, to Holland fa? Gaskiya ne, a can inda aka kafa allon, bin hanyar keke wajibi ne, kuma ba ka cika jin ƙorafi ba. Amma a dubi abin da ya gabata. A 1971 haɗarin mota ya kashe mutane fiye da 3,000 a ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito kan titi suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya. Shekaru aka kwashe ana gina hanyoyi masu faɗi da santsi, waɗanda ba sa ɓacewa idan an zo mararraba. Irin wannan hanya ko ba doka mutum zai bi ta da son ransa.

Kada kuma a ɗauka ina tare da masu cewa a bar mai keke ya cakuɗa da motoci kawai. Wannan magana ce ta samari majiya ƙarfi. Yarinya 'yar shekara takwas da za ta makaranta, da dattijon da zai je cefane, ba za su iya kokawa da tirela ba. Su ne suka fi kowa buƙatar dakali tsakaninsu da mota, kuma su ne fenti ya fi yaudara.

Idan tilas ake so, akwai wanda ya dace da ita. Tun watan Afrilun 2020 dokar Jamus ta ce direban da zai wuce mai keke ya bar tazarar mita 1.5 a cikin gari, mita 2 a wajen gari. Motar da nauyinta ya wuce tan 3.5 kuma, idan za ta karya dama a cikin gari inda ake sa ran masu keke ko masu tafiya a ƙasa, dole ta rage gudu zuwa tafiyar ƙafa. Waɗannan ne dokokin da nake so in ga 'yan sanda sun tsaya a mararraba suna tabbatar da su, kafin a fara tare mai keke ana rubuta masa tara.