Dajin da ke ƙarƙashin gona

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Kafin mu ce komai ku ɗan tuno ɗan cunkus ɗin ganyen nan da kan fito a tsakiyar gona, wanda duk mai sassabe in ya iso wajen sai ya sa gatari ya kwantar da shi ya tara ya banka wuta. Sabara ce. Da yawanmu mun taso muna mata kallon ciyawa mai taurin kai, alhali itaciya ce da aka sare tun tuni, saiwarta na nan da ranta a ƙasa, duk shekara tana turo toho duk shekara ana datse shi. To yau labarin wannan kututturen zan ba ku, da yadda talakawan kudancin Nijar suka dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a gonakinsu da shi, ba tare da sun dasa ba.

Mu koma baya kaɗan. Duk dattijon da ka zauna da shi a Maraɗi ko Damagaram ko Katsina zai ba ka labarin farin 1973 da na 1984, dabbobi suka mutu, rumbuna suka zama wayam, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar 1984 suna El Buhari saboda ta zo daidai lokacin da gwamnatin soja ta Janar Buhari a Najeriya ta rufe iyaka. A lokacin in ka tsaya a gona za ka hango nesa ba abin da zai tare maka ido. Iska ta taso da yashi ta binne hatsin da ya fara tsiro, manomi ya sake shuka, ta sake binnewa, wani sai ya yi shuka sau uku sau huɗu a damina ɗaya, irin ma ya ƙare. Mata kuwa kusan wuni guda suke yi a neman itacen girki, in ba a samu ba a koma kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zauna a gona ya zama taki shi ake turawa murhu.

Nan ne fa nake so ku saurara da kyau, don a nan ake yawan zaluntar talaka da baki. Sai ka ji ana cewa jahilci ne, mutanen ƙauye ne suka sare daji suka jawo hamada. Wallahi maganar ba ta tsaya nan ba. Tun 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar daji a ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma, kuma bayan samun 'yancin kai dokar dajin Nijar ta 1974 ta bi wannan sawun, wato itace na gwamnati ne ko da a cikin gonarka ya fito. Ka reni gawo shekara goma, ranar da ka sari reshe ɗaya don gyaran ɗaki ma'aikacin gandun daji ya zo ya ci ka tara. To don Allah wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Gara ya kawar da shi tun yana ƙarami kafin a gani. Ga kuma malaman gona na wancan zamanin suna koyar da cewa manomin kirki shi ne mai gona tas ba kututture ko ɗaya, don a ji daɗin noman gyaɗa da garma. Mutumin da ya sare sabara a lokacin ba mahaukaci ba ne, lissafi ya yi daidai da halin da aka sa shi a ciki.

An kashe kuɗi sosai wajen dashe, a reni itatuwa a leda a ɗauka a mota a kai ƙauye a dasa, mafi yawansu su mutu kafin shekara, rana ta ƙone wasu awaki su cinye wasu, saboda babu mai su. Cikin masu wannan aikin akwai wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980. A 1983 yana kan hanya da tirela cike da dashe, ya tsaya ya rage iskar tayoyi don motar ta iya ratsa yashi, sai idonsa ya kai kan ɗaya daga cikin waɗannan cunkus ɗin, ya je ya duba ganyen ya gane ai itace ne. Ya waiga ya ga su ko'ina. Daji ne guda a kwance a ƙarƙashin ƙasa, saiwoyi sun riga sun yi zurfi sun kai ga damshi, ba sa buƙatar ban ruwa ba sa buƙatar leda.

Amma kar mu ɗauka shi ya ƙirƙiro abin. Kakanninmu sun san barin itace a gona, har ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na da can suna yanke hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare gawo. Sani ne da aka danne, aka zo aka tono shi. Sunan da manoma suka sa masa ma ya isa, sassabin zamani.

Da farko mutane ƙalilan ne suka yarda, ana musu dariya ana cewa ragwaye ne sun bar gona da datti. Da yunwar 1984 ta zo sai aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a ƙauyuka wajen 100, aka bar dubban ɗaruruwa, amma da aka daina ba da abincin mafi yawan mutane suka koma suka sare nasu. Ni ban ga laifinsu ba, abin da aka sa ka don cikinka ba lallai ya shiga zuciyarka ba. Sai dai waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci da idonsu, iska ta daina binne shuka, ga itacen girki a bakin gona, ga hatsi ya fi na maƙwabci kyau. Maƙwabci ya leƙo ya tambaya. Haka abin ya riƙa tafiya daga baki zuwa baki, a kasuwa, a wajen suna, a bakin masallaci. Da tsoron tara ya ragu kuma, aka yi dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004, mutane suka fara jin cewa itacen nan nawa ne, sai abin ya bazu kamar wutar daji. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena.

Akwai hotunan da aka ɗauka daga sama, ɗaya na 1975 ɗaya na bayan shekara ta 2000, wuri ɗaya ne. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan ne suka gwada su suka gano cewa wajen hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa, musamman a Maraɗi da yankin Magarya da Matamaye da Mirya. An ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu ya kai tan 500,000 a shekara, abincin mutum miliyan 2.5 kenan. Kuma mutane ƙaruwa suka yi a wuraren ba raguwa ba, wanda ya rusa zancen nan na cewa yawan talakawa shi ke cinye daji.

Bari in ɗan tsaya a kan gawo don ina son itacen nan. Shi ikon Allah, da damina lokacin da kowane itace ke yin ganye shi kuma sai ya kakkaɓe nasa, ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen da ya zubar ya ruɓe ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da rani in komai ya bushe sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'ya dabbobi su ci, su kwanta a inuwarsa su bar kashi a wajen. Shi ya sa za ka ga geron gindin gawo ya fi na sauran gonar tsayi da kauri.

Kuma ba hatsi kaɗai ba ne abinci. Kuka, aduwa, magarya, kanya, tsamiya, goruba, ɗorawar da ake daddawa da ita, duk daga itace suke. Matan Mirya sun yi suna wajen cinikin ganyen kuka. Abin da ke min ciwo shi ne yadda muka koyi raina waɗannan, yaro ya ji kunyar cewa miyar kuka aka yi a gidansu, a ce abincin talaka ne, alhali su ne suka riƙe rayuka a shekarun da hatsi ya ƙi. A yunwar 2005 ƙauyukan da ke da itatuwa sun fi samun sauƙi, don akwai itacen da za a sayar a sayi tiya ɗaya biyu, akwai ganyen da dabba za ta ci ba sai an karyar da ita a kasuwa ba.

Sai maganar makiyaya, don itace a gona yana iya zama sanadin faɗa, Bafillatani na buƙatar ganye da rani manomi kuma yana ganin an masa ɓarna. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye sun kafa kwamitin kula da itatuwa suka sa mata a ciki, suka sa makiyaya a ciki, kowa ya faɗi buƙatarsa aka yi ƙa'ida tare. Wanda aka zauna da shi aka tsara doka ba ya zuwa da dare ya karya ta. Ban ce komai ya gyaru ba fa, har yanzu akwai yunwa a Nijar, akwai matar da ita ke wahalar itacen amma gonar ba tata ba ce, akwai wanda ba shi da ko taƙi ɗaya da zai reni wani abu a ciki, kuma waɗannan su ma haƙƙinsu na wuyanmu.

Mu da ke wannan ɓangaren na Najeriya, Katsina da Jigawa da Sakkwato da Yobe, ƙasar iri ɗaya ce, sabara da kalgo da geza iri ɗaya ne, ga buhunan gawayi kullum ana lodi zuwa birni, kuma mu na birnin mu ke saya. Kafin mu zagi mai sarewa mu tambaya me zai ci in ya bari. Hadisi ya zo cewa duk musulmin da ya shuka wani abu, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi, kuma a 2018 an ba Rinaudo da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da dabarar da ake kira zai, wato ƙananan ramukan shuka da ake zuba wa taki su riƙe ruwan sama, babbar lambar yabo ta Right Livelihood a kan irin wannan aikin.

Ga mai gona, ga yadda ake yi. In ka zo sassabe ka zaɓi kututturan da kake so, a kowanne ka duba toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa ka bar su, sauran ka cire. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassa na ƙasa zuwa kamar rabin tsayinsu, da gatari ko lauje mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawon ya yage. Ka ɗaura ɗan tsumma a jiki don mai wucewa ya san da mai shi, ka gaya wa yaran gida da mai kiwon unguwa. Bayan 'yan watanni ka dawo ka sake cire sabon tohon da ya fito, wanda ka cire ɗin kuma ka ɗaure ka kai gida a hura wuta.