Samuel Foote: Mai Kwaikwayon Manya da Doki Ya Sama wa Lasisi

A Landan ta shekarun 1750, idan aka ce maka Samuel Foote ya fara nazarin tafiyarka da muryarka, to ka shiga uku. Ba a jima ba za ka ji mutane na biyan kuɗi don su kalli yadda kake tari, yadda kake ɗaga gira, yadda kake jan magana. Yau labarin wannan mutum za mu bi.

An haife shi a garin Truro da ke yankin Cornwall a kudu maso yammacin Ingila, a gidan masu hali. Ya shiga Jami'ar Oxford, ya bar ta ba tare da digiri ba, ya koma Landan da sunan karatun lauya, amma shagunan shan gahawa suka fi ganinsa. Kuɗi ba sa kwana a hannunsa, har sai da bashi ya kai shi kurkuku. A 1741 wani kawunsa, kyaftin ɗin jirgin ruwan yaƙi, ya sa aka shaƙe yayansa, shi ma kawun Foote ne, a cikin jirgin a Bristol, aka kuma rataye shi a kan haka. Me Foote ya yi? Ya rubuta labarin abin kunyar danginsa a ɗan littafi ya sayar. Daga nan ma ka san irin mutumin da muke magana a kai.

Da ya hau dandamali a 1744, jarumin wasa mai ban tausayi ya so zama, ya fito a matsayin Othello, jarumin wani wasan Shakespeare. Abin bai karɓe shi ba. Gajere ne, mai jiki, fuskarsa kuma ta raha ce. Sai ya koma ga baiwar da Allah ya ba shi, wato kwaikwayon mutane.

To amma akwai doka a gabansa. Tun 1737 majalisa ta ƙaƙaba cewa gidajen wasa biyu kaɗai, Drury Lane da Covent Garden, ke da izinin nuna wasan kwaikwayo a Landan, kuma kowane sabon wasa sai wani babban jami'in fadar sarki ya duba ya amince. A 1747 Foote ya buɗe nasa shirin a ƙaramin gidan wasa na Haymarket, hukuma ta zo ta rufe. Bai yi musu ba. Sai ya buga talla cewa yana gayyatar abokansa su zo shan cakulan da tsakar rana, daga baya ya mayar da shi shan shayi da yamma. Ka sayi tikitin shayi, ka shiga ka zauna, sai ga Foote wai yana koya wa ɗalibansa wasa, a cikin koyarwar kuma yana kwaikwayon manyan 'yan wasan gari ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san abin da ake yi. Doka dai ba ta hana shan shayi ba.

Ba wanda ya tsira. A 1760 ya rubuta The Minor ya yi wa mai wa'azi George Whitefield da mabiyansa ba'a, malaman coci suka yi ta tsine masa, gidan wasa ya yi ta cika. Mutum ɗaya da aka ce ya sha da ƙyar shi ne Samuel Johnson, mai ƙamus ɗin nan na Turanci. Da ya ji ana shirin kwaikwayonsa, sai ya tambayi farashin gora, ya ce a samo masa mai kauri. Foote ya ji labari ya fasa.

A 1762 kuwa ya kwaikwayi George Faulkner, wani mai buga littattafai a Dublin mai ƙafa ɗaya, har da ɗingishinsa. Faulkner ya kai ƙara ya yi nasara. Shekara huɗu bayan haka, a 1766, Foote na baƙunta a wani gidan masu sarauta tare da Duke na York, ƙanin Sarki George na Uku. Ya cika baki cewa ya iya hawa, sai aka ba shi ingarma mai zafin kai don a yi dariya. Dokin ya kayar da shi, ƙafa ta karye mummunar karaya, aka yanke ta, a zamanin da babu allurar kashe zafi.

Abin ya tsaya wa Duke a rai, don haka ya samo masa takardar izini daga sarki: Haymarket za ta riƙa wasa duk lokacin zafi, daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Satumba, muddin Foote na raye. Abin da ya yi kusan shekara ashirin yana zagaye-zagaye a kansa, faɗuwa ɗaya ta kawo. Ya sa ƙafar katako ya koma aiki, ya kuma riƙa rubuta wa kansa rawar gurgu, kamar a The Devil upon Two Sticks na 1768 da The Lame Lover na 1770. A ganina nan ne gwanintarsa ta fi fitowa, domin yanzu shi kansa yana cikin waɗanda ake yi wa dariya.

Wadda ta gama da shi mace ce. Elizabeth Chudleigh, matar Duke na Kingston, tana fuskantar shari'ar aure kan aure, sai Foote ya saka ta a wani sabon wasa. Ta yi amfani da hanyarta a fada aka hana wasan izini. Wani ɗan jarida da ke gefenta, William Jackson, ya shiga yaɗa maganganu a kansa, sannan wani tsohon baransa ya yi ƙara cewa ya neme shi da lalata. Kotu ta wanke shi a Disambar 1776, amma shari'ar ta riga ta karya shi.

Ya sayar wa marubucin wasa George Colman izinin Haymarket a kan fam 1,600 duk shekara, sai dai bai cika shekara yana karɓa ba. A ranar 21 ga Oktoba 1777 ya rasu a Dover, a hanyarsa ta zuwa Faransa neman lafiya, aka binne shi a harabar babban cocin Westminster Abbey da ke Landan.