Injin nauyi kawai yake aunawa, manhaja ce ke faɗin sunan furotin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, yau ma dai muna lab a nan Jamus, ku yi haƙuri da wannan gurnanin da kuke ji a baya, famfunan injin ne ba a kashe su dare da rana. Wancan akwatin da kuke hangowa shi ne mas-sipek ɗinmu, wato injin da ke auna nauyin gutsattsarin furotin, irin wanda ake kira Orbitrap, a Bremen ake ƙera shi. Amma yau a gaban kwamfuta za mu zauna, don abin da nake son nuna muku a nan yake faruwa.

Furotin dai sarƙa ce ta wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, kala 20 ne ake jerawa. Ba ma zuba shi a injin a dunƙule, sai mun daddatsa shi da wani enzayim, wato sinadari mai aiki kamar almakashi, mai suna tirifsin, shi kuma yana da inda yake yanka, bayan K ko bayan R, wato laisin da arjinin, biyu daga cikin amino asid ɗin nan. Gutsattsarin da suka fito su ake kira feftaid. Injin zai auna nauyin feftaid ɗaya, ya bubbuga shi da gas ya farfashe, ya sake auna ɓarɓashin. Ku duba allon nan, bari in matso da kyamara, waɗannan layukan a tsaye wasu dogaye wasu gajeru, duk na feftaid guda ɗaya ne fa, kuma cikin awa ɗaya ko biyu injin zai zubo irinsu dubbai barkatai, fayil ɗaya ya haura gigabait. Babu suna ko ɗaya a ciki, lambobi ne zalla.

To nan manhaja take shigowa, kuma dabarar tata ita ce kai da kanka za ka miƙa mata jerin furotin na halittar da kake aiki a kai. Mu daga UniProt, wani rumbun jerin furotin a intanet, muke saukewa kyauta, na ɗan adam wajen 20,000 ne. Sai ta bi jerin nan ta yayyanka kowanne a lissafe inda tirifsin zai yanka, ta ƙiyasta yadda kowane gutsure zai farfashe, sannan ta ɗora a kan abin da injin ya gani, wanda ya fi zama daidai ta ba shi maki mafi yawa. Wannan tunanin tun 1994 yake, lokacin da Jimmy Eng da John Yates suka fito da manhajar SEQUEST a Jami'ar Washington da ke Seattle. A 1999 Mascot ya fito daga Landan, shi na kuɗi ne. Wanda ke buɗe a gabana yanzu MaxQuant ne, na Jürgen Cox da Matthias Mann a cibiyar Max Planck ta Martinsried kusa da Munich, 2008, kyauta. Ni dai gaskiya hankalina ya fi kwanciya da MSFragger na Jami'ar Michigan wanda ya fito 2017, saboda saurinsa, kafin in haɗo shayi in dawo ya yi nisa.

Amma fa akwai abin da ya kamata ku sani, manhajar nan ba ta iya cewa ban sani ba. Ko shirme ka ba ta sai ta lalubo wani feftaid ta ce ga wanda ya fi kusa. To ya za a yi a gane gaskiya da ƙarya? Sai aka ce a ɗauki jerin gaba ɗaya a juya shi, kowane furotin a rubuta shi daga ƙarshe zuwa farko, abin da babu shi a jikin kowa, a cakuɗa da na gasken a ba ta. Kamar dai ka cusa sunayen ma'aikatan bogi da gangan cikin takardar albashi don ka ga guda nawa mai tantancewa zai bari su wuce, in bogi goma sun wuce to ka san akwai kusan wasu goma cikin waɗanda ya ce na gaske ne da bai kamata su wuce ba. Da haka ake ja layi, yawanci a inda na ƙaryar ba za su wuce kashi 1 cikin 100 ba. Ku ga teburin sakamakon, waɗannan da sunansu ya fara da REV su ne na bogin, ana share su kafin a ci gaba.

Su kuma waɗannan masu CON datti ne, kuma kusan kullum keratin ne a sama, wani furotin daga fatar mutum da gashi. Shi ya sa kuka gan ni da safar hannu ɗazu, kuma duk sanyin da ake yi ba a son ka tsaya kan samfuri da suwaita ta ulu, in ba haka ba sai ka tarar da keratin ɗin tunkiya zaune a cikin sakamakonka, wallahi yana faruwa. Sannan akwai wasu amino asid biyu, liyusin da aisoliyusin, nauyinsu ɗaya ne cif, injin ba ya bambanta su a hanyar da muka saba bi, jerin ne kawai ke raba gardama.

Inda abin ya fi damuna shi ne abin da ba ya cikin jerin, wannan ko yana cike da samfurin manhajar ba za ta gan shi ba. Mutum da ɓera da yis an cika musu rumbu, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma an karance ta tun 2002. Amma ɗauki kububuwa, gobe da nisa, wadda ke kai mutane asibitin Kaltungo a Gombe, dafinta galibi furotin ne, sai da masu bincike a Liverpool suka fara karanta ƙwayoyin gadon da ke aiki a jakar dafin suka haɗa jeri, sannan aka samu abin gwadawa da shi yadda ya kamata. Akwai manhajoji irin PEAKS da ke ƙoƙarin karanto jerin amino asid ɗin kai tsaye daga layukan ba tare da rumbu ba, suna taimakawa, sai dai in ɓarɓashi ya ɓata a tsakiya sai su shiga kame-kame.

Wani ɗalibi daga Zariya ya tambaye ni ko zai iya koyon wannan alhali ba su da injin. Ƙwarai kuwa ɗan'uwa. Akwai rumbun PRIDE a Hinxton kusa da Cambridge, masu bincike na zuba ɗanyen fayilolinsu a can, kowa na iya saukewa ba ko sisi, data kawai za ta ci maka, don haka ka nemi ƙaramin fayil tukuna. A bidiyo na gaba zan ɗauko guda ɗaya mu bi shi tare tun daga farko, wanda ke son bi ya sauke manhajar FragPipe ya ajiye, ta cikinta ake amfani da MSFragger. Sai mun haɗu.